Gwajin jini don gano sankarar huhu: inda yake aiki da inda ba ya yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi wa masu karatu bayani kan wata magana da ta fara yawo a wayoyi da bakin masu tallar gwaje-gwaje, wai yanzu da an ɗebi jinin mutum za a gaya masa ko yana da sankarar huhu ko ba shi da ita. Maganar tana da tushe. Gwajin yana nan, kuma ya raba marasa lafiya da yawa da shan maganin da ba nasu ba. Sai dai ana wuce gona da iri wajen faɗinta, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne mai tarin da za a ce wa "jininka lafiya lau", ya koma gida ya miƙe ƙafa alhali ƙari na girma a ƙirjinsa.

Ƙwayoyin halittar jiki suna mutuwa kullum, sababbi na maye gurbinsu. Duk wadda ta mutu tana zubar da gutsattsarin DNA, wato rubutun gadon da ke cikinta, a ruwan jini. Wasu masana biyu a Faransa, Mandel da Métais, su suka fara ba da rahoton haka a 1948, sannan a 1977 aka nuna cewa ya fi yawa a jinin masu sankara. Gutsattsarin gajeru ne, yawancinsu haruffa kusan 167, kuma ba sa daɗewa: cikin minti 16 zuwa awa biyu da rabi jiki ya kawar da rabinsu. Shi ya sa abin da aka gani a jini labarin ranar ne. Ƙarin sankara ma yana zubar da nasa, ɗauke da kurakuran rubutun da suka mai da lafiyayyar ƙwaya ta zama mai cuta. Waɗannan kurakuran ake farauta.

Wahalar tana wajen yawa. Mafi yawan DNA da ke yawo a ruwan jini daga ƙwayoyin jinin kansu yake fitowa, na ƙarin kaɗan ne a ciki. Bari mu yi lissafin a fili. Jini mililita 10 yana ba da ruwan jini mililita 4 zuwa 5. A kowace mililita ana samun DNA kamar nanogiram 5 zuwa 10, kuma nanogiram ɗaya kwafi kusan 300 ne na kowane gurbi a rubutun gado. Ke nan kwalba ɗaya na ɗauke da kwafi kusan 10,000 na wurin da ake son dubawa. Idan cutar ta bazu, kason ƙarin na iya kai 1 cikin ɗari, wani lokaci ya haura 10 cikin ɗari, sai a samu ɗaruruwan kwafi masu kuskuren, na'ura ta gan su ba wuya. Idan kuwa ƙarin bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba, kason na iya sauka zuwa 1 cikin 10,000. Kwafi ɗaya tak ke nan a kwalbar, ko ma babu. Kamar mutum ne ya watsa 'yan ƙwayoyin dawa a buhun gero ya gauraya, sannan ya ɗebi tafi ɗaya ya duba. Komai kyan na'ura, ba za ta karanta abin da bai shigo kwalba ba.

Inda gwajin ya nuna kansa shi ne wajen wanda aka riga aka tabbatar yana da sankarar huhu kuma ta yi nisa, ana neman maganin da zai karɓe shi. A 2004 masana a Amurka suka gano cewa wasu marasa lafiya suna da sauyi a ƙwayar gado mai suna EGFR, kuma su ne ƙwayar magani ta gefitinib ke yi wa aiki. Wani bincike da aka yi a gabashin Asiya kan mutum 1,217, aka wallafa a 2009, ya fayyace abin. Cikin masu wannan sauyin, ƙarin ya motse a jikin kusan 71 cikin ɗari da suka sha gefitinib. Cikin waɗanda ba su da sauyin, 1 cikin ɗari kawai maganin ya taɓa, alhali kemo, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, ya yi wa kusan 23 cikin ɗari aiki. Saboda haka ba wa mutum wannan ƙwayar ba tare da gwaji ba zalunci ne: kuɗinsa ya tafi, watannin da ya kamata ya yi kemo ma sun tafi. Sauyin ya fi yawa a nau'in da ake kira adinokasinoma, musamman a mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba. A Turai ana samunsa a 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu wannan nau'in, a gabashin Asiya kuwa 40 zuwa 50 cikin ɗari. Bayan sauyin EGFR akwai na ALK da aka gano a Japan a 2007, akwai ROS1 da KRAS da MET da wasu, kowanne da maganinsa.

A watan Yunin 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko na wannan aikin, cobas EGFR na kamfanin Roche. Yana buƙatar ruwan jini mililita 2, yana duba sauye-sauye 42 a ƙwayar gado ɗaya ta hanyar PCR, wato dabarar ninka DNA har na'ura ta iya ganinsa. A watan Agustan 2020 ta amince da Guardant360 CDx da FoundationOne Liquid CDx, waɗanda ke karanta ƙwayoyin gado masu yawa lokaci guda, na biyun sama da 300, sakamako ya fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Dalilin son jini a fili yake. Tsinko nama daga huhu da allura ta bangon ƙirji kan sa iska ta shiga tsakanin huhu da haƙarƙari a jikin 15 zuwa 25 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa, sau da yawa kuma ɗan naman da aka samo yakan ƙare kafin a kai ga gwajin gado. Jini kuwa ana iya sake ɗiba. Idan gefitinib ko ɗan'uwansa erlotinib ya daina aiki, abin da kan faru cikin shekara ɗaya ko kusa da haka, a fiye da rabin marasa lafiyar wani sabon sauyi ne mai suna T790M ya ɓullo, jini na iya nuna shi, a koma maganin osimertinib.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. Idan jini ya nuna sauyin EGFR, likita na iya dogara da shi ya fara magani, don kuskure ta wannan ɓangaren kaɗan ne. Idan bai nuna ba, magana ba ta ƙare ba. Ko a masu cutar da ta bazu, jini kan kasa ganin sauyin da ke cikin ƙarin a jikin biyu zuwa uku cikin kowane goma. Wasu ƙararrakin ba sa zubar da DNA sosai, musamman waɗanda suka tsaya a ƙirji kaɗai ko suka tafi ƙwaƙwalwa kaɗai. Ƙa'idar ita ce a koma ga nama. Akwai kuma tambayoyin da jini ba ya amsawa sam: wane nau'i ne, mai ƙananan ƙwayoyi da ke kusan 15 cikin ɗari ko sauran 85 ɗin, da yawan alamar PD-L1 da ake dubawa kafin ba da maganin zaburar da garkuwar jiki. Waɗannan sai likitan nama ya sa yanki a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa ya gani da idonsa.

Yawancin sakamakon banza ba a na'ura yake lalacewa ba, tun a wajen ɗiba da ajiya ne. Kwalbar da ake amfani da ita ita ce mai sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa, mai murfi shunayya, ko kwalba ta musamman mai sinadarin da ke hana ƙwayoyin jini fashewa, irin ta kamfanin Streck. Kada a sa a mai koren murfi, don sinadarin heparin da ke cikinta yana toshe aikin PCR. Kada a sa a mai jan murfi, don idan jini ya daskare fararen ƙwayoyi na fashewa su malalo da DNA nasu, ya binne ɗan abin da ake nema. A yi amfani da allura mai lamba 21, kada a bar ɗaurin hannu ya daɗe, a cika kwalbar har layinta, a kifa ta a hankali sau 8 zuwa 10. Ba a girgizawa. Ruwan jinin da ya fito ja-ja alama ce ƙwayoyi sun fashe, gara a sake ɗiba.

Jinin da ke kwalbar EDTA dole a raba shi cikin awa 2 zuwa 4. Ana wulwula shi a na'ura sau biyu. Na farko minti 10 a ƙarfin g 1,600 (g ma'aunin ƙarfin wulwulawa ne), sai a tsotse ruwan saman da kulawa, a bar kamar rabin santimita a kan farin layin nan da ke kwance tsakanin ruwa da jan jini. Wannan layin fararen ƙwayoyi ne, kuma nan ne gwanintar ma'aikaci take: da bakin matsotsi ya taɓa shi, samfurin ya gurɓace, kuma ido ba zai nuna ba. Na biyu minti 10 a g 16,000, don kwantar da ragowar tarkace. Daga nan a rarraba ruwan a ƙananan kwalabe na mililita 1 zuwa 2, a sa a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Mai digiri 20 ƙasa da sifili na iya riƙewa na 'yan makonni. Jinin da ba a raba ba, ba a sa shi a firiza ko kusa. Lokacin ɗiba ma yana da muhimmanci. A ɗiba kafin a fara kemo ko gasa ƙarin da na'ura, don magani na rage kason ƙarin. A kauce wa kwanakin da suka biyo bayan tiyata ko ƙarin jini ko zazzaɓi mai tsanani, don a lokacin DNA na lafiyayyun ƙwayoyi ke cika jini. Idan mace na da ciki a rubuta a takardar, don DNA na mahaifa ma yana yawo a jininta.

Nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo. Kwalbar Streck na riƙe samfuri har kwana 14, amma tsakanin digiri 6 da 37. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin bayan mota da aka rufe a tasha da rana tsaka. Samfurin da ya yi wannan tafiyar ba a cikin akwatin da ke tare zafi ba, zai iso ɗakin gwaji da kamanninsa daidai, na'ura ta karanta shi, ta buga "ba a ga sauyi ba". Haka abin yake ga firizar da wuta ta ɗauke mata cikin dare, ruwan ya narke ya sake daskarewa. Duk ɗakin da zai yi wannan aikin sai ya tanadi wutar sola ko batir na firizar kaɗai, da ma'aunin zafi mai ajiye bayani da ke tafiya tare da kowane akwati, da ƙarfin halin mayar da samfurin da ya saɓa ƙa'ida ko da an riga an biya kuɗi.

Akwai kuskure ta ɗaya ɓangaren ma. Yayin da mutum ke manyanta, wasu ƙwayoyin ɓargo da ke haifar da jini sukan samu sauye-sauye a ƙwayoyin gado irin su DNMT3A da TET2 da ASXL1, wani lokaci har TP53, ba tare da wata sankara ba. Abin ya yawaita bayan shekara 60 da kuma a mashaya taba, wato mutanen da aka fi yi wa wannan gwajin. Manyan gwaje-gwajen da ke karanta ɗaruruwan ƙwayoyin gado sukan tsinto su, wanda bai ƙware ba ya ɗauka daga huhu suke. Maganin wannan shi ne a adana farin layin nan da aka bari, a karanta shi daban. Sauyin da aka gani a fararen ƙwayoyin ma, na jini ne.

Ba jini kaɗai ake dubawa ba. Ruwan da ke taruwa a ƙirji tsakanin huhu da haƙarƙari, wanda ake zuƙewa don mara lafiya ya samu numfashi, sau da yawa ya fi jini yawan DNA na ƙarin. Duba shi a madubi karo na farko yana kama sankarar a kusan 6 cikin 10 ne kawai, kuma bayan an wulwula shi an ɗauki abin da ya kwanta a ƙasa, ruwan saman akan zubar. Asara ce, don a cikinsa ake samun sauyin EGFR ko da madubi bai ga ƙwayar cuta ba. Idan sankarar ta kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ruwan laka ya fi jini nesa ba kusa ba. Ruwan wankin hanyoyin iska da ake samu lokacin leƙa huhu da na'ura shi ma yana da amfani. Kaki da yawu da fitsari kuwa ana kan bincikensu, ba su kai a gina magani a kansu su kaɗai ba.

Sai babbar tambayar: za a iya ɗaukar lafiyayyen mutum a gano cutar tun tana ƙarama? Wani bincike na Birtaniya mai suna TRACERx ya duba jinin waɗanda za a yi wa tiyata, aka wallafa a 2017. An ga DNA na ƙarin a jinin 30 cikin 31 masu nau'in sikwamos, amma 11 kacal cikin 58 masu adinokasinoma, kuma wannan bayan an riga an san kurakuran da ake nema a jikin kowanne. Gwajin Galleri na kamfanin GRAIL, wanda ke neman sankara iri-iri a kwalba ɗaya, a alƙaluman 2021 ya kama kusan 95 cikin ɗari na sankarar huhu a mataki na huɗu, amma kusan 22 cikin ɗari a mataki na ɗaya, matakin da tiyata ke iya warkarwa. Yana kuma nuna alamar ƙarya ga mutum 5 cikin kowane lafiyayyu 1,000, wato mutum 50 cikin 10,000 da za su shiga zullumi da kashe kuɗin hotuna ba gaira ba dalili. Don a san ko irin wannan gwajin na amfanar jama'a ne hukumar lafiya ta Ingila ta fara gwada shi kan mutum kusan 140,000 a 2021. Abin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne hoton CT, mai nuna cikin ƙirji dalla-dalla, irin mai ƙarancin tururi. Binciken Amurka kan mutum sama da 53,000 ya nuna ragin 20 cikin ɗari a 2011, na Holan da Beljiyam ya nuna ragin 24 cikin ɗari a maza a 2020. A Amurka ana yin hoton duk shekara ga masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwalin taba ɗaya a rana na shekara 20 ko kwatankwacinsa, kuma suna sha ko sun bari cikin shekara 15 da suka wuce.

Abin da ya fi damun mu a nan gida bai kai ga waɗannan manyan na'urori ba. A duniya sankarar huhu ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a 2022, fiye da kowace sankara, amma a wajenmu sau da yawa da rigar tarin fuka take zuwa. Tari mai daɗewa, kakin jini, rama, ciwon ƙirji, inuwa a hoton ƙirji: duk alamomin ɗaya ne. Masu karatu da yawa sun san GeneXpert da ake kai kaki a cibiyoyin tarin fuka. Shi ma gwajin gado ne a ruwan jiki, yana neman DNA na ƙwayar tarin fuka cikin kusan awa biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun Disambar 2010. Amma ba ya ganin sankara. Abin da kan faru shi ne GeneXpert ya ce babu, a sa mutum kan magani duk da haka bisa zato, ya yi wata biyu babu sauƙi, a ce ya yi haƙuri ya cika shida. Kafin a farga ruwa ya cika ƙirji. Muna roƙon abokan aikinmu a cibiyoyin nan: wanda ya haura shekara 40, kakinsa bai nuna tarin fuka ba, hotonsa ya nuna dunƙule, ko ya yi makonni kan magani yana ƙara ramewa, a tura shi hoton CT da likitan ƙirji ba tare da jiran ƙarshen wata shida ba. A tambaye shi taba da shisha, aikin fasa dutse ko haƙar ma'adinai, da hayaƙin dizal. Kada kuma a sallami mace don ba ta shan taba, ita ce ma aka fi sa ran samun sauyin EGFR a jikinta. Cututtukan biyu na iya haɗuwa a huhu ɗaya.

Roƙonmu ga hukumomi ba mai tsawo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa erlotinib, tare da gefitinib da afatinib, cikin jerin muhimman magunguna tun 2019, kuma gwajin EGFR shi kaɗai ta hanyar PCR ya fi manyan gwaje-gwajen araha da sauƙi. Zamanin korona an kafa ɗakunan PCR a jihohi da dama, an horar da ma'aikata. Ba kowace na'ura ce za ta ɗauki wannan gwajin ba, amma ɗakunan da hannuwan suna nan. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su fara da wannan gwaji ɗaya, a nama da jini da ruwan ƙirji, su riƙa rubuta sakamakon, don alƙaluman da ake aiki da su yanzu akasari daga Asiya da Turai da Amurka suka fito. Cibiyar binciken sankara ta ƙasa, NICRAT, ta fitar da ƙa'ida ɗaya ta ɗiba da ajiya da jigila mai la'akari da zafinmu. Majalisar da ke kula da ɗakunan gwaji, MLSCN, ta wajabta a rubuta a kan duk sakamakon da bai nuna sauyi ba cewa bai kore cutar ba, sai an duba nama.

Wanda aka yi wa tayin irin wannan gwajin kuwa, kafin ya biya ya tambayi sunan gwajin, da ƙwayoyin gadon da yake dubawa, da inda za a kai jinin da yadda za a kare shi daga zafi, da kuma likitan da zai karanta sakamakon tare da hoton ƙirjinsa.

Wassalam.

Naku,
Wasu likitocin ƙirji da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje,
Kano.